Kiɗan bes kai kaɗai da na'urar maimai: wace jita ta cancanci kuɗinka?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni makaɗin jitar bes ne a Kaduna, kuma na daɗe ina kiɗa a bayan mawaƙa da jita mai tsirkiya biyar wadda ba ta da tsada sosai. A 'yan kwanakin nan hankalina ya karkata ga salon da mutum ɗaya zai hau dandali da bes da na'urar maimaita sauti, ya gina kiɗa hawa-hawa shi kaɗai, babu ganga babu mawaƙi. Na tara kuɗi ina so in sayi jita ta ƙwarai, irin wadda ake ƙerawa da hannu a ƙasashen waje, amma na rasa wadda zan ɗauka tsakanin mai tsirkiya shida, bakwai ko fiye da haka. Wacce ta fi dacewa da wannan salo, kuma me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗina?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata a taƙaice ita ce jitar ta zama abu na ƙarshe da za ka saya, ba na farko ba. Ka fara mallakar na'urar maimai, wadda makaɗa ke kira lufa, ka yi aiki da ita da jitar da ke hannunka har sai kunnenka ya gaya maka ainihin abin da ya rage maka. Idan lokacin sayen ya yi, zaɓin da ke gabanka biyu ne a ganina: mai tsirkiya shida, ko mai biyar da aka ɗaure daga E zuwa C (haruffan sunayen muryoyin tsirkiyoyi ne: E mai kauri, C siririya). Ban ga dalilin da zai kai ka ga bakwai ko fiye ba, kuma zan bayyana hujjata.

Aikin lufa ba shi da wuyar fahimta. Kana taka feda ta fara ɗaukar abin da kake kaɗawa, ka sake takawa ta rufe zagayen ta ci gaba da maimaita shi, sannan duk abin da ka ƙara a kai ya zauna a saman na farko. Ta zama tamkar 'yan amshi a kiɗan gargajiya, waɗanda ke riƙe da baiti guda domin jagora ya sami filin yawo a kansa, sai dai ita ba ta gyara kuskure, kuma ba ta jiran wanda ya makara. Dabarar ta girmi na'urorin zamani. Terry Riley ya yi ta da faifan tef a Amurka tun shekarun 1960, Robert Fripp da Brian Eno kuma suka bunƙasa ta a Ingila a farkon shekarun 1970 ta hanyar ratsa tef ɗaya ta cikin na'urorin ɗaukar sauti na kamfanin Revox guda biyu. A fagen bes, Jaco Pastorius ya riƙa amfani da na'urar jinkirta sauti ta MXR a ƙarshen shekarun 1970, yana kama gajeren kiɗa ya bar shi yana juyawa yayin da yake kaɗa wani a kai. Daga baya Lexicon ta fito da JamMan a farkon shekarun 1990, Line 6 ta fito da DL4 a 1999 mai ɗaukar daƙiƙa 14 kacal, Boss ta kawo RC-20 a 2001, sannan TC Electronic ta kawo ƙaramar Ditto a 2013, wadda ta sa abin ya shiga hannun kowa saboda araha.

Abu na farko da ke kayar da sabon mai lufa shi ne ƙafarsa, ba jitarsa ba. Ɗauki misalin kiɗa mai gudun bugu 100 a minti guda. Kowane bugu yana cin daƙiƙa 0.6, saboda haka zagaye mai bugu 16 yana cin daƙiƙa 9.6. Idan ka makara wajen rufe zagayen da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, wanda a lokacin ba za ka ma lura ba, kiɗan zai riƙa yin tuntuɓe a wuri guda duk daƙiƙa goma har ka gama. Idan kuwa akwai na'urar ganga da ke tafiya a gefe ba tare da an haɗa agogonsu ba, bayan zagaye 20 tazarar da ke tsakaninsu ta kai daƙiƙa guda cur, wato kusan bugu biyu. Maganin shi ne ka koyi taka feda a kan bugun farko na zagaye mai zuwa, kana ci gaba da kaɗawa kamar ba ka taka komai ba, maimakon ka tsaya a ƙarshen zagaye sannan ka taka. Jitar dala dubu goma ba ta taimakon kowa a wannan wuri.

Matsala ta biyu ita ce ta shafi zaɓin jita kai tsaye, kuma a nan ne nake so mu ɗan jima. Muryoyi masu kauri ba sa son cunkoso. Tsirkiyar E ta bes tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, A sau 55, D kusan 73, G kuma kusan 98. Tsirkiyar B da ke kan jitarka tana sauka zuwa kusan 31, wanda bai yi nisa da 20 ba, iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji a matsayin murya. Idan muryoyi biyu masu kusanci da juna suka haɗu a wannan yanki, kunne ba ya iya rarrabe su, abin da yake ji kawai shi ne gurnani mai kaɗawa. Haɗin murya uku da zai fito tas a tsakiyar fiyano, idan ka sauko da shi gindin wuyan bes sai ya dagule. A cikin ƙungiya wannan ba ya damunka, domin kai kaɗai ne a ƙasa, sauran suna sama. Da lufa kuwa kai ne kowa da kowa, kuma duk hawan da ka ɗora daga itace ɗaya, tsirkiyoyi ɗaya da yatsu ɗaya yake fitowa. Shi ya sa yawancin masu farawa ke samun hawa na farko da daɗi, na biyu da dama-dama, na huɗu kuma ya zama abin da mai sauraro ba ya gane kansa.

Waɗanda suka ƙware suna raba wa kowane hawa gidansa. Murya ɗaya tak ke zama a ƙasa, wato layin bes na asali, kuma ana barin sa da sarari ba tare da cika shi da ado ba. Bugun da ke maye gurbin ganga ana samun sa ne ta dukan tsirkiyoyi da aka danne da tafin hannu, ko ƙwanƙwasa jikin jitar, don haka ba shi da muryar da za ta yi karo da komai. Haɗin muryoyi, wanda makaɗa ke kira kod, ana kai shi sama da firet na 12 (firet su ne 'yan ƙarafan da ke jere a kan wuyan jita), kuma a buɗe shi: maimakon a haɗa tushe da murya ta uku a kusa da juna, sai a ɗaga ta ukun da oktaf guda, wato tazarar firet 12, domin iska ta shiga tsakaninsu. Karin waƙar kansa yana can sama da kowa, sau da yawa kusa da gada, wato inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jitar, ake kaɗa shi don ya yi kaifi. Idan ka lura, uku daga cikin waɗannan ayyuka huɗu ba sa buƙatar kauri ko kaɗan. Abin da mai lufa ke ƙishirwa shi ne fili a sama.

Wannan ne ya sa nake ganin tsirkiyar C ta sama ta fi B ta ƙasa amfani ga wanda zai yi kiɗa shi kaɗai. C tana girgiza kusan sau 131 a daƙiƙa, kuma a firet na 24 tana kaiwa kusan 523, alhali jita mai tsirkiya huɗu da firet 20 irin ta kamfanin Fender tana tsayawa a kusan 311. A lissafi, kowace ƙarin tsirkiya muryoyi biyar kawai take ƙara maka, ko a ƙasa ko a sama. Amfanin C na gaskiya shi ne tana ba ka damar kama kod mai murya huɗu a tsakiyar wuya ba tare da hannunka ya yi tsalle ba, kuma siririyar tsirkiya tana da launin sauti dabam da na masu kauri, wanda ke taimaka wa kunne ya raba hawa da hawa. Jita mai tsirkiya shida da aka ɗaure B, E, A, D, G, C tunanin Anthony Jackson ne, wanda ya sa Carl Thompson ya ƙera masa ta farko a tsakiyar shekarun 1970, daga nan ya yi aiki da Ken Smith, sannan da kamfanin Fodera da Vinnie Fodera da Joey Lauricella suka kafa a birnin New York a 1983. John Patitucci ya ƙara fito da ita a fagen jaz. Amma Matthew Garrison da Janek Gwizdala, waɗanda dukkansu suka yi suna da kod da kuma kiɗan kaɗaici, sun zaɓi tsirkiya biyar daga E zuwa C, suka yar da B ɗin gaba ɗaya. Steve Lawson na Ingila, wanda kusan duk sana'arsa a kan lufa ta ginu, shida yake riƙewa. Victor Wooten kuwa da huɗu ya yi fice, haka ma Michael Manring, wanda jitarsa ta Zon Hyperbass tsirkiya huɗu gare ta, sai dai wuyanta ya kai oktaf uku, kuma tana da 'yan maɓallai da ke sauya ɗaurin tsirkiya ana tsakiyar kiɗa.

Tunda kana da mai tsirkiya biyar, akwai gwajin da ba zai ci maka komai ba sai kuɗin tsirkiya ɗaya da ladan mai gyara. Ka cire B, ka matsar da sauran huɗun gefe guda, ka sa siririyar C a gurbin ƙarshe. Za a buƙaci a sake saita sandar ƙarfen da ke cikin wuya saboda nauyin ja ya sauya, a gyara tsawon kowace tsirkiya a kan gada, wataƙila kuma a sauya ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kusa da kan jitar, domin ramukansa sun yi wa sabon jerin faɗi. Ka yi wata biyu ko uku a haka. Idan ba ka yi kewar B ba, ka sami amsarka, kuma ka tsira daga ɗaukar wuya mai faɗi da nauyin da ba ka buƙata. Idan kuwa ka ga aikin da kake yi a bayan mawaƙa ba ya tafiya sai da ita, kuma ba ka son yawo da jita biyu, to shida ce taka.

Game da bakwai zuwa sama, akwai masu ƙera su, kamar Conklin a Amurka, kuma akwai makaɗa irin su Jean Baudin da ke kaɗa mai tsirkiya 11. Ƙarin da ake yi ko dai F ce ta sama, wadda ta shiga yankin jita ta yau da kullum, ko kuma wata tsirkiya a ƙasan B mai girgiza kusan sau 23 a daƙiƙa, wadda mafi yawan lasifikokin dandali ba sa iya fitar da tushenta. Irin waɗannan sun fi dacewa da masu danna tsirkiya da hannu biyu kamar fiyano, waɗanda ke son kaɗa komai a lokaci guda. Lufa an yi ta ne daidai don kada ka buƙaci hakan.

Akwai kuma farashin ɓoye da kowace ƙarin tsirkiya ke zuwa da shi, wato aikin danne waɗanda ba a kaɗa ba. Tsirkiyar da aka bari sake tana amsa wa 'yar'uwarta da kanta: ka kaɗa E a sama, babbar E da A da B su fara rawa a hankali ba tare da ka taɓa su ba. A cikin ƙungiya ganga tana rufe wannan. Lufa kuwa tana ɗaukar sa, ta maimaita, hawa na gaba ya ƙara nasa. Mai tsirkiya shida dole ya koyi barin babban yatsansa na dama yana bin hannu daga tsirkiya zuwa tsirkiya yana kwantawa a kan masu kaurin, maimakon kafe shi a kan maɗaukin sauti, wato abin da ke ɗaukar girgizar tsirkiya a jikin jitar, yadda aka saba. Wasu suna ɗaura ɗan ƙyalle mai laushi a gindin wuya, kuma yana taimakawa, amma yana kashe amon ƙararrawa da ake samu idan an taɓa tsirkiya sama-sama a firet na 5, na 7 ko na 12, wanda yake cikin kayan aiki mafi daraja ga mai lufa.

Idan ka zo ga ma'aunin jitar, abu biyu za ka tambaya kafin ka kalli kyan itace. Na farko shi ne tsawon tsirkiya daga ƙashi zuwa gada. Inci 34 shi ne abin da Fender ta kafa tun Precision Bass ta 1951, kuma har yau shi ne gama-gari. Masu ƙira da yawa suna ƙara shi zuwa inci 35 don B ta yi tsauri ta fito sarai, amma wannan ƙarin yana sa C ta yi tauri da sirantar murya, kuma yana buɗe tazarar firet ta yadda kama kod ke gajiyar da hannu. Shi ya sa jitar Garrison ta sauko zuwa inci 33. Kamfanin Dingwall na Kanada ya bi wata hanya, inda ya karkata firet ɗin kamar buɗaɗɗen mafici, B ta sami inci 37, G kuma 34, bisa tsarin da Ralph Novak ya yi wa rajista a 1989. B ɗinsu tana da tsabta ƙwarai, sai dai wasu kod a can saman wuya suna buƙatar sabo. Ga aikin da ka bayyana, ni 33 ko 34 zan ba ka shawara. Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyi a kan gada. Milimita 19 ita ce ta Fender, kuma masu dukan tsirkiya da babban yatsa sun fi son ta, amma a kan tsirkiya shida tana haifar da wuya mai faɗin da ba kowane hannu ke iya zagayawa ba. Jerin SR na Ibanez mai tsirkiya shida yana da milimita 16.5, wadda ke sauƙaƙa kod amma tana matse yatsu. Tsakanin 17 da 18 ne yawancin masu wannan salo ke samun natsuwa.

Abin da kuɗi mai yawa ya kamata ya saya maka shi ne daidaito, wato kowace murya a kowane firet ta fito da ƙarfi ɗaya kuma ta daɗe daidai da maƙwabciyarta. Kusan kowane wuyan itace yana da wurin da girgizarsa ke haɗiye ta tsirkiya, murya ta mutu da wuri. A jitoci masu ƙirar Fender an fi samun sa a tsirkiyar G tsakanin firet na 5 da na 7. Makaɗin ƙungiya yana iya kauce masa shekara da shekaru, amma idan ya faɗo cikin zagayen lufa za ka ji ramin yana dawowa duk juyi. Wuya mai tauri, ko na itace da aka manna falle-falle, ko wanda aka ƙarfafa da sandunan zaren kabon, yana rage wannan. Ka kuma duba ko hannunka yana isa firet na 24 ba tare da ya daki gangar jikin ba, domin a nan za ka riƙa zama. Nauyi ma ba abin rainawa ba ne. Mai tsirkiya shida tana iya haura kilo 5, kuma wadda kanta ke rinjayar jikinta tana tilasta wa hannun hagu ya riƙa tallafe wuya alhali aikinsa danna tsirkiya ne, kai kuma kana tsaye da ƙafa ɗaya kana taka feda.

Na'urorin cikin jitar su ne wuri na biyu da tsada ke da ma'ana. Duk hucin da ke cikin sautinka yana shiga lufa tare da kowane hawa, saboda haka abin da ba a ji a hawa ɗaya yana fitowa fili a hawa na shida, musamman a wuraren da kiɗa ya yi sanyi. Ka nemi maɗaukan sauti masu kashe gurnanin lantarki, irin na Bartolini, Nordstrand, Aguilar ko EMG, da ramin wayoyi da aka lulluɓe da kariya yadda ya kamata. Maɗaukai biyu da maɓallin gauraya su sun fi ɗaya, domin da juyi ɗaya za ka ba layin ƙasa taushin na kusa da wuya, ka ba karin waƙa kaifin na kusa da gada. Jita mai batir, tsarin da kamfanin Alembic ya yaɗa a shekarun 1970, tana ba ka ikon ƙara ko rage kauri da kaifi daga jikinta, kuma hakan na da amfani, amma ka tabbata tana da maɓallin da ke kashe batirin ta ci gaba da aiki. Ka kuma kula cewa masu batir biyu suna iya fitar da sauti mai ƙarfin da zai shaƙe mashigar lufa. Abin da ya fi yi maka aiki a irin waɗannan maɓallai shi ne ragewa: ka cire kauri daga duk hawan da ba na ƙasa ba kafin ka ɗauke shi.

Za ka ga manyan wannan salo da dama suna kaɗa jita maras firet, kuma sautinta mai ja kamar muryar mutum yana da daɗi a kan zagaye. Kada ta zama ita ce babbar jitarka ta farko. Kod mai murya uku a wuya maras firet yana buƙatar yatsu uku su sauka daidai a lokaci guda, kuma muryar da ta kauce kaɗan za ta zauna a cikin zagayen tana gurɓata duk abin da ka ɗora.

Masu ƙira da suka yi suna a wannan fage sun haɗa da Fodera, Ken Smith, MTD ta Michael Tobias, Elrick da Zon a Amurka, F Bass a Kanada, Ritter da Warwick a Jamus, da Mayones a Poland. Jitar Fodera da aka ƙera bisa oda tana iya haura dala 10,000, kuma jira kan ɗauki watanni masu yawa. Kaso mai tsoka na irin wannan kuɗi yana tafiya ne a kan itacen ado da ake manna wa fuskar jitar da kuma aikin hannu, kuma lufa ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu. Muhawarar da ake yi a kan wane itace ke ba da wane sauti, a ganina, an ba ta muhimmancin da ya wuce kima idan aka kwatanta da tasirin maɗaukan sauti, sabuntar tsirkiya da kyan saiti. Akwai kuma haɗarin da ke cikin oda: kana zaɓar ma'aunai a takarda kafin hannunka ya taɓa su, kuma jitar da aka ɗinka wa mutum ɗaya tana faɗuwa a farashi idan ya zo sayarwa. Saboda haka ta hannu daga waɗannan kamfanoni ta fi sabuwa hikima ga mai saye na farko. Kafin ita ma, mai tsirkiya shida daga jerin BTB na Ibanez ko TRB na Yamaha za ta koya maka tazarar da hannunka ke so da ɗan ƙaramin kaso na kuɗin.

Idan ka sami damar gwada jita kafin saye, ka tafi da lufarka da lasifikar kunne. Ka bar duk maɓallan a tsakiya, ka ɗauki layin ƙasa, ka ɗora kod, ka ɗora kari, sannan ka ajiye jitar ka saurara kamar baƙo. Tambayar ita ce ko kana jin kowane hawa dabam. Bayan haka ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet, kana barin kowace murya ta mutu da kanta, ka lura da wadda ta riga sauran. Idan daga nesa za ka saya, ka nemi mai sayarwa ya ɗauko maka irin wannan gwajin kai tsaye ba tare da wani ado ba, ya gaya maka nauyinta a kan sikeli, kuma ku yi yarjejeniyar mayarwa a rubuce.

Ita lufar kanta, Ditto ta isa koyo, amma da zarar ka fara tsara kiɗa mai sassa za ka buƙaci mai layuka da yawa, kamar RC-300 ta Boss mai layi 3 ko RC-600 mai layi 6, domin ka iya kashe layin ƙasa ka bar kod, ko ka koma wani sashe ka dawo. Abu biyu nake ɗauka wajibi: maɓallin soke hawa na ƙarshe, da ikon sa tsofaffin hawa su riƙa dusashewa a hankali yayin da sababbi ke shiga. Na biyun shi ne ya sa masu wannan salo suka riƙe lufofi irin su Echoplex Digital Pro da Looperlative, domin shi ke hana kiɗa zama tari mai ƙaruwa kawai har sai an kashe shi. Na'urorin sauya sauti ka jera su kafin lufa, don kowane hawa ya shiga da launinsa. Kuma ka ware wani kaso na kuɗinka don lasifika mai fitar da sama da ƙasa duka, saboda akwatin bes na gargajiya an gina shi ne don murya ɗaya mai kauri, ba don hawa biyar ba.

Saura abin da ya shafi inda kake zaune. Masu ƙera waɗannan jitoci suna aiki ne a ɗakunan da laimar iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun arewa kuwa yana saukar da ita ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sannan damina ta mayar da ita sama. Itace yana tsukewa idan ya bushe, ƙarfen firet ba ya tsukewa, don haka bakunansu ke fitowa a gefen wuya suna yankar hannu. Wuya yana lanƙwashewa, itacen kanya baƙi da ake shimfiɗa wa fuskar wuya kuma yana iya tsagewa, kuma wuya mai faɗi ya fi siriri jin wannan sauyi. Ka riƙa ajiye jitar cikin akwatinta tare da abin ƙara laima da ma'auninta, ka kuma koyi saita sandar wuya da kanka, domin za ka buƙaci hakan aƙalla a farkon hunturu da farkon damina. A nan wuyan zaren kabon, irin na Modulus, Zon ko Status ta Ingila, yana da fa'ida ta zahiri, tunda sauyin yanayi ba ya motsa shi kamar itace. Wajen shigo da ita, ka tambayi sunan kowane itace da ke jikinta. Yarjejeniyar CITES, wadda ke kayyade cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa takunkumi a kan itatuwan dangin Dalbergia, da ake yawan amfani da su a wuyan jita, a 2017, aka sassauta wa kayan kiɗa da aka gama ƙerawa a 2019, amma nau'in ƙasar Brazil yana nan a ƙarƙashin tsauraran dokoki kuma yana buƙatar takardu. Ka lissafa kuɗin jigila, inshora da na kwastan tun kafin ka tsayar da farashi.

Wutar lantarki ma tana da hannu a ciki. Adaftar da aka yi wa kasuwar Amurka ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya tana iya share duk zagayen da ka gina a gaban jama'a, gurnanin janareta kuma yana bin waya ya shiga cikin abin da ka ɗauka. Batir mai caji da ke ba fedoji bolt 9 yana magance duka biyun. Daga ƙarshe, tsirkiyar C ita ce mafi siranta kuma mafi saurin tsinkewa, kuma ba kowane shagon kayan kiɗa ke ajiye ta ita kaɗai ba, saboda haka duk lokacin da za ka yi odar tsirkiyoyi ka ƙara biyu ko uku nata a kai.